Binciken Majalisar Wakilan Najeriya kan Tallafin Man Fetur na 2012

Binciken tallafin man fetur na 2012 aiki ne da wani kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilan Najeriya ya gudanar a ƙarƙashin jagorancin Farouk Lawan, ɗan majalisa mai wakiltar Bagwai da Shanono a jihar Kano. An ɗora wa kwamitin alhakin gano ainihin kuɗin da gwamnatin tarayya ta kashe da sunan tallafin mai daga 2009 zuwa 2011, da waɗanda suka karɓe su, da kuma ko an bi doka wajen fitar da su.

Asalin lamarin

Ranar 1 ga Janairun 2012 hukumar ƙayyade farashin mai, PPPRA, ta ba da sanarwar janye tallafi, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa naira 141. Majalisar tana hutu a lokacin. Kakakinta, Aminu Waziri Tambuwal, ya kira zaman gaggawa ranar Lahadi 8 ga wata, inda 'yan majalisa suka nemi Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da matakin, suka kuma kafa kwamitin. Washegari ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka tsunduma yajin aiki, zanga-zanga ta ɓarke a Legas da Kano da Abuja da Kaduna da wasu birane. Sai ranar 16 ga wata, bayan gwamnati ta sauko da farashin zuwa naira 97, aka janye yajin aikin.

Tun kafin nan batun ya taso a Majalisar Dattawa, inda Sanata Bukola Saraki ya gabatar da ƙudiri a 2011 cewa kuɗin tallafin sun zarce abin da ke cikin kasafi nesa ba kusa ba. A nan ne gizo ke saƙa. Sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta cire kuɗi daga asusun gwamnatin tarayya ba da amincewar majalisa ba, sashe na 162 ya ce kuɗin shiga su fara faɗawa asusun tarayya kafin a raba, sassa na 88 da 89 kuma suka ba majalisa ikon bincike da gayyatar kowa ya ba da bahasi.

Yadda aka riƙa biyan tallafin

Tallafi shi ne ratar da ke tsakanin kuɗin da aka kashe kafin litar mai ta sauka a tashar ruwan Najeriya, haɗe da ribar da aka yarje wa 'yan kasuwa, da farashin da gwamnati ta ƙayyade. Daga 2006 an riƙa biyan wannan rata ta wani asusu na musamman da PPPRA ke kula da lissafinsa a lokacin. Ɗan kasuwa zai samu izinin shigo da wani adadi daga hukumar, ya sayi dala, ya yi odar mai daga waje. Babban jirgi yakan tsaya a teku daura da Kwatano ko Lome, a juye man cikin ƙananan jirage masu iya shiga tashoshin Legas. A wurin sauke kaya jami'an PPPRA da na sashen albarkatun mai da kwastam da masu binciken kuɗi masu zaman kansu sukan sa hannu a takarda. Da takardun nan ake zuwa ma'aikatar kuɗi, daga bisani babban banki ya biya.

Kowane mataki a nan yana da ƙofar ɓarna, domin takarda ake biya, ba mai ba. Akwai wanda zai gabatar da takardun jirgin da bai taɓa zuwa ba. Akwai mai sauya kwanan watan lodi zuwa ranar da mai ya fi tsada a kasuwar duniya, don ratar ta ƙaru. Akwai wanda zai sauke rabi, a rubuta masa cikakke. Wani man kuma a karɓi tallafinsa a Legas, ya ɓulle ta kan iyaka zuwa Benin ko Nijar ko Kamaru inda ya fi daraja. Shi kuwa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, a lokacin ba ya ma bin layi: yakan zare nasa kason daga kuɗin ɗanyen mai kafin ya zuba ragowar a asusun tarayya. Wato kuɗin ba su taɓa bi ta gaban majalisa ba, jihohi da ƙananan hukumomi kuma suna biyan tallafi daga kasonsu ba tare da an tambaye su ba.

Abin da kwamitin ya gano

An yi zaman sauraron bahasi a bainar jama'a, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Ministar mai Diezani Alison-Madueke da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala da shugabannin hukumomi duk sun bayyana. Abin da ya fara ɗaure wa masu kallo kai shi ne, babu hukumomi biyu da alƙalumansu suka zo ɗaya. Naira biliyan 245 aka ware wa tallafi a kasafin 2011. Gwamnati ta ce ta kashe kimanin tiriliyan 1.3, ofishin babban akanta ya ce 1.6, babban banki ya ce 1.7, kwamitin kuma ya ce lissafinsa ya kai naira tiriliyan 2.587, fiye da ninki goma na abin da majalisa ta amince.

Rahoton da aka miƙa ranar 18 ga Afrilun 2012 ya nuna cewa kamfanonin da ke shigo da mai sun tashi daga 5 a 2006 zuwa 140 a 2011, da dama daga cikinsu ba su da rumbun ajiya ko wani tarihi a harkar. Ana biyan tallafin lita miliyan 59 a kullum, alhali an ƙiyasta cewa ƙasar na shan kusan miliyan 35. An kuma ga inda aka biya naira miliyan 999 har sau 128 cikin sa'o'i 24, a ranakun 12 da 13 ga Janairun 2009. Game da kananzir, rahoton ya ce NNPC ya ci gaba da cire kuɗin tallafi, kusan naira biliyan 310, bayan umarnin da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayar a 2009 na a daina, talaka kuwa bai samu kananzir a farashin gwamnati ba. Kwamitin ya ba da shawarar a dawo da sama da naira tiriliyan ɗaya, a kuma miƙa masu hannu ga hukumomin yaƙi da rashawa.

Zargin cin hanci da abin da ya biyo baya

Yayin muhawara kan rahoton a zauren majalisa, Lawan ya nemi a cire sunan kamfanin Zenon na attajiri Femi Otedola daga jerin waɗanda suka karɓi dala ba su shigo da mai ba, majalisa ta amince. A watan Yuni Otedola ya fito ya ce ya ba Lawan dala 500,000 daga cikin miliyan 3 da ya nema, da sanin jami'an tsaron farin kaya. Lawan ya ce ya karɓa ne don ya zama shaida. Majalisa ta sauke shi daga shugabancin kwamitin, ta mayar da sunan kamfanin. A Yunin 2021 babbar kotun Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 7, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024.

Wannan abin kunya ya ba masu neman binne rahoton abin fakewa, ko da yake bai rushe alƙalumansa ba. Wani kwamiti da ɓangaren zartarwa ya kafa a ƙarƙashin Aigboje Aig-Imoukhuede shi ma ya gano biyan da ba su halatta ba na kimanin naira biliyan 382, hukumar EFCC ta gurfanar da 'yan kasuwa da dama, shari'u suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Rauni mafi girma dai yana cikin tsarin: ƙudirin majalisa shawara ce, ba ya tilasta wa shugaban ƙasa, kuma cire kuɗi tun daga tushe bai tsaya ba.

Dangantaka da harajin mai

Muhawarar 2012 ta sa duk wata maganar ɗora haraji kan fetur ta zama ƙaya a siyasar Najeriya, domin tambayar farko ita ce ina na baya suka shiga. Dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA da aka yi wa kwaskwarima a 2007 ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da dizal don gyaran tituna, amma tanadin ya daɗe a takarda kawai. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta narkar da PPPRA cikin sabuwar hukumar kula da harkar mai, NMDPRA, Shugaba Bola Tinubu kuma ya ayyana ƙarshen tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Dokar haraji ta 2025 ta sake ɗauko kashi 5 ɗin, ta keɓe kananzir na gida da gas na girki, ta bar wa ministan kuɗi sa ranar fara karɓa.