Tambayoyi kan kariya, furen da yawan ruwa ke kashewa

Maƙwabta a nan Fadaman Mada sun dame ni da tambaya kan kariyar da ke ƙofar gidanmu, to bari in amsa gaba ɗaya.

Wai wace shuka ce kariya?

Tamu ce ta gida, sunanta na kimiyya Adenium obesum, tana fitowa a daji tun daga Senegal har Sudan da Habasha da ƙasar Larabawa. Gindinta kumburarre kamar tulu, a nan take ajiye ruwa, furenta ruwan hoda, tsakiyarsa fari-fari.

Tawa ta zubar da ganye kaf, ta mutu ne?

Ina! Haka take in hunturu ya kama, sai ta tsaya tsirara, kuma sau da yawa a lokacin ne furen ke fitowa a kan rassan babu ganye ko ɗaya. Ka matsa gindin da yatsa, in da tauri lafiyarta ƙalau, in ko ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar gwanda to ruwa ya yi mata yawa.

To yaya ban ruwan?

Nan ne mutane ke ɓata ta wallahi, kullum da safe a ɗauko bokiti a zuba mata kamar alayyahu, ita kuma ba ta son ƙafarta ta kwana a jiƙe, sai ƙasar ta bushe sarai sannan a ƙara. Da damina musamman watan Agusta kar ka ba ta komai, in a tukunya take ka tabbatar an huda gindin tukunyar, ka haɗa ƙasa da yashi mai yawa da ɗan busasshen taki. Rana kuwa iya yadda ta samu, a inuwa fure ba ya yawa.

Iri zan shuka ko reshe?

Reshe ya fi sauri, ka yanko ka bar shi a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin ya bushe kafin ka kafa. Amma in tulun nan mai kyau kake so, iri ya fi. Kwansonsa biyu ne kamar ƙahon sa, ka ɗaure shi da zare kafin ya fashe, don ƙwayoyin suna da gashi, iska sai ta kwashe.

Gaskiya ne tana da guba?

Gaskiya ne, da ruwanta ake haɗa dafin kibiya da na kifi. In ka yi mata aski ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ido, rassan da ka yanke kuma kar ka yar da su inda yara da awaki ke yawo.