Shan barasa da sankarar mama

Shan barasa na daga cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna ƙara wa mace haɗarin kamuwa da sankarar mama, wadda wasu ke kira kansar nono. Tun a 1988 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa kansa, amma sai a 2007 ta shigar da sankarar mama cikin jerin.

Babbar hujjar ta fito ne a 2002, lokacin da masana suka tattara bincike 53 da suka shafi mata fiye da 58,000 masu cutar. Sun gano cewa duk giram 10 na tsantsar barasa da mace ke sha a kullum, wato kimanin ƙaramin kofi guda, yana ƙara haɗarin da wajen kashi 7 cikin ɗari. Gwargwadon yawan sha, gwargwadon haɗari. Ba a kuma samu wani ƙaramin adadi da za a ce ba shi da illa ba, kuma irin abin shan bai kawo bambanci ba: giyar hatsi ce, ta inabi ce ko wiski, sinadarin itanol da ke ciki shi ne mai ɓarnar.

Jiki na sarrafa itanol ya mayar da shi asitaldihaid, sinadarin da ke lalata ƙwayoyin gado, ya kuma hana su gyara kansu. Barasa tana kuma ɗaga yawan istirojin, wato sinadarin da ke tafiyar da al'adar mata, a jinin mace, alhali mafi yawan sankarar mama da wannan sinadarin take girma. Akwai kuma raguwar folet, wani nau'in bitamin, wanda jiki ke buƙata wajen gyaran ƙwayoyin.

Alƙaluman na iya ruɗarwa idan ba a fayyace ba. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, na Janairun 2025 ya nuna cewa a cikin mata 100 da ba sa kai kofi guda na barasa a mako, kimanin 11 za su kamu a tsawon rayuwarsu. Masu shan kofi guda kullum 13, masu biyu 15. Ga mace ɗaya ƙarin ba shi da yawa, amma da yake cutar ita ce kansar da ta fi kama mata a duniya, adadin yana da yawa idan aka haɗa. A rahoton ya nemi a riƙa rubuta gargaɗin kansa a jikin kwalabe.