Nutso da Tulun Iska

Nutso da tulun iska shi ne shiga ƙarƙashin ruwa da mutum kan yi yana goye da tulun ƙarfe cike da iskar da aka matse, wadda yake shaƙa ta wata na'ura da ke bakinsa, ba tare da wata igiya ko mesa ta haɗa shi da saman ruwa ba. Ana yin sa don aiki, kamar gyaran jiragen ruwa da duba madatsun ruwa da ceto, amma yawancin masu yin sa a yau nishaɗi ne ke kai su.

Nutso kansa ba baƙon abu ba ne a arewacin Kamaru da Chadi. Masunta na kogin Binuwai a Garwa, da na Logon da Shari da Tafkin Chadi, sun saba nutsawa don ɓalle komar da ta sarƙe, sai dai numfashi ɗaya suke riƙewa, kuma a ruwa mai laka hannu ne ke aikin ido. Abin da tulun iska ya ƙara shi ne lokaci: mutum yana iya yin kusan sa'a guda a ƙasa yana kallo.

Asalinsa

Na'urar da ta buɗe wannan hanya ta fito ne a Faransa a shekarar 1943, daga hannun hafsan sojan ruwa Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan. Hikimarta ita ce ba ta sakin iska sai an ja numfashi, kuma tana sakin ta daidai da matsin ruwan da ke kewaye da mai nutso. A 1959 aka kafa ƙungiyar CMAS a Monako, a 1966 kuma PADI a Amurka, kuma su ne fitattu cikin masu ba da takardar shaidar koyo.

Daɗin da ke cikinsa

Masu nutso sukan sa rashin nauyi a gaba da komai. Mutum yakan ɗaura ɗamarar darma da ke jan sa ƙasa, ya kuma sa riga da ake hura wa iska mai ɗaga shi sama, kuma idan biyun suka daidaita sai ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, ba ya nutsewa ba ya tasowa. Daga nan huhunsa ne linzami: ya ja numfashi ya ɗan hau, ya sauke ya ɗan gangara. Wanda ya ƙware yakan naɗe hannuwa a ƙirji, yana kaɗa ƙafa a hankali, domin gaggawa tana cinye iska, kuma tana korar kifi. Shi ya sa gwani a wannan fanni ba shi ne mai ƙarfi ba. Wanda ya fi natsuwa shi ya fi daɗewa a ƙasa.

Ruwa kuma yana sauya gani da ji. Ta cikin tabarau na nutso abubuwa sukan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma jan launi yakan dushe tun daga wajen mita 5, har jini ya koma kamar kore a zurfi. Sauti yana gudu kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, don haka kunne ba ya gane ta ina ƙara ta fito. Babu magana, sai ishara da hannu, kuma babban yatsa a sama ma'anarsa a hau, ba yabo ba ne.

Matsin ruwa da ƙa'idoji

Duk mita 10 na zurfi yana ƙara matsi daidai da na iskar duniya a bakin teku. A mita 10 ke nan iskar da ke huhu za ta ninka girma idan aka taso da ita saman ruwa, kuma daga nan ne babbar doka ta samo asali: mai tulu ba ya riƙe numfashi, musamman yayin hawa. Wannan akasin al'adar masunci ne, kuma shi ya sa gwanintar nutson gargajiya ba ta wadatar da mutum daga koyo. Iskar tulun ma ba oksijin zalla ba ce, iska ce ta yau da kullum mai kashi 78 cikin ɗari na naitirojin, wanda ke narkewa cikin jini a zurfi. Idan aka hau da sauri sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe, ya jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Saboda haka ake hawa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5. Sabon ɗan koyo ba ya wuce mita 18, iyakar nutson nishaɗi kuwa mita 40 ce, kuma ba a shiga sai da aboki.

A Kamaru da Chadi

Chadi ba ta da teku, kuma Tafkin Chadi ba shi da zurfi a yawancin sassansa. Tafkin Lagdo da ke kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru, wanda aka kammala madatsarsa a 1982, ya fi shi zurfi, amma dorina da kada da cutar tsargiya suna sa a yi hattara da ruwayen yankin, ga kuma laka mai rufe gani da damina. Teku mafi kusa tana kudancin Kamaru, wajen Limbe da Kiribi. Mai neman ruwa garau da murjani kuwa yakan nufi Bahar Maliya, musamman gaɓar Masar, wadda take cikin wuraren nutso mafi shahara a duniya.