Matheran: garin da mota ba ta shiga, da mutanen da ke jan baƙinsa

A watan Agustan 2025 Kotun Ƙolin Indiya, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai na lokacin B.R. Gavai, ta ba gwamnatin jihar Maharashtra wata shida ta kawo ƙarshen keken da mutum ke ja da hannu a garin Matheran. Kotun ta ce ɗan Adam ya riƙa jan ɗan'uwansa a kan tudu domin abin sa wa a baka cin mutunci ne da bai dace da tsarin mulkin ƙasar ba. Wanda bai san garin ba, zai yi mamakin yadda wannan sana'a ta kawo yau. Dalilin yana cikin tarihin wurin.

Matheran ɗan ƙaramin gari ne a kan wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai, tsayinsa kimanin mita 800, a gundumar Raigad, tazarar kusan kilomita 90 daga Mumbai. Ma'anar sunan ita ce "dajin da ke bisa goshi". A ƙidayar 2011 mazaunansa ba su kai 5,000 ba. A shekarar 1850 wani jami'in Birtaniya mai kula da gundumar Thane, Hugh Malet, ya hau tsaunin, ya tarar da inuwa da iska mai sanyi da maɓuɓɓugar ruwa. Turawan da zafin Bombay (tsohon sunan Mumbai) ya gallaba suka ga wurin fakewa. Gwamnan Bombay, Lord Elphinstone, ya sa aka yanka hanyoyi, aka raba filaye, daga baya attajiran Bombay, musamman 'yan ƙabilar Parsi, suka gina gidajen hutu masu faɗin baranda, waɗanda wasunsu suka koma otal a yau.

Hawan tsaunin a da sai da doki ko a ɗauki mutum a kafaɗa. Abin ya sauya a 1907, lokacin da aka buɗe ɗan siririn layin dogo daga Neral da ke gindin tsaunin, mai tsawon kilomita 21, faɗinsa ƙafa biyu kacal. Abdul Hussain Adamjee Peerbhoy ne ya jagoranci aikin, mahaifinsa Sir Adamjee Peerbhoy, attajirin Musulmi na Bombay, ya biya kuɗin daga aljihunsa. Jirgin yana rarrafawa fiye da awa biyu yana kewaya kwana-kwana, ya ratsa wani ɗan gajeren rami a cikin dutse, kuma har gobe shi ne abin da yara suka fi ɗoki a duk tafiyar. Sai dai damina ba ta raga masa. Ambaliyar 2005 ta tsinke layin, bai dawo ba sai 2007. Ruwan 2019 ya sake lalata shi, aka jira har Oktoban 2022. Ko a shekarar da komai ke lafiya, idan ruwa ya sauka akan dakatar da tafiya daga Neral.

Mota kuwa tun zamanin Turawa ba a bar ta ta shiga ba, kuma bayan samun 'yancin kai ba a canza ba. A 2003 gwamnatin tarayya ta ayyana yankin a matsayin wuri mai buƙatar kariyar muhalli ta musamman, dokar ta ƙara ƙarfi. Duk wanda ya zo da mota sai ya ajiye ta a Dasturi, ya ƙarasa sauran kusan kilomita uku a ƙafa, ko a doki, ko a keken ja, ko ya shiga jirgin da ke zirga-zirga daga tashar Aman Lodge. Motar asibiti da ta kashe gobara ne kawai aka yi wa rangwame.

Wannan shi ne sirrin son da iyalai ke yi wa garin, kuma ban ga laifinsu ba. Uban da ya saba riƙe hannun ɗansa gam a titunan Mumbai yana iya sakinsa a nan. Hanyoyin jar ƙasa ne, ƙarƙashin itatuwa, sukan mayar da takalmin kowa ja kafin azahar. Wuraren tsayawa a hango kwari sun haura 30. A Panorama ake zuwa ganin fitowar rana, a Porcupine faɗuwarta, daga Louisa ana hango tsohuwar ganuwar Prabal, a Echo yara su ƙwala kira dutse ya maido musu. Tafkin Charlotte, wanda garin ke sha daga gare shi, yana kusa da wurin bautar Pisarnath. A kasuwa ana sayar da takalman fata da chikki, alawar gyaɗa da mazarƙwaila. Birai sun san ledar abinci sarai, kuma ba sa jin kunyar fizga.

Amma baƙo kwana biyu yake yi ya tafi. Mazaunin garin shi ne yake sayen tukunyar gas da buhun shinkafa da tsada saboda a bayan doki ko a amalanke suka hau. Ɗansa shi ke taka doguwar hanya zuwa makaranta cikin ruwan sama. Tsohuwar da ƙafa ta gaza kuma a da ba ta da zaɓi sai keken ja, mutum ɗaya a gaba yana ja, wasu a baya suna turawa, ƙirji na hawa da sauka. Kafin hukuncin kotun, keken da ke da lasisi 94 ne, dawakai sun haura 400, kuma kowanne akwai gidan da yake ciyarwa.

Masu jan keken da kansu ne suka daɗe suna neman a ba su adaidaita-sahu mai aiki da batir. A 2022 Kotun Ƙoli ta yarda a gwada, a watan Disamba aka fara da guda bakwai. A 2024 ta ce masu jan keke kaɗai za a ba, domin kada attajirai da masu otal su ƙwace sana'ar, ta kuma ƙayyade adadin a 20. Masu dawakai suka ga abincinsu zai ragu. Masu rajin kare muhalli suka ce an buɗe ƙofar da za ta yi wuyar rufewa. Rigimar ta fi zafi a kan daɓe hanya da tubali: adaidaita na son shimfiɗaɗɗen wuri, masu doki na kukan dabbobinsu na zamewa a kai.

A ganina kotun ta yi daidai da ta ƙi bari a ci gaba da sayen shirun Matheran da ƙarfin ƙirjin talaka. Inda nake jin tsoro shi ne tubalin. Hukuncin 2025 ya yarda a daɓe babbar hanya daga Dasturi zuwa cikin gari, ya hana a taɓa hanyoyin cikin daji da ke kai wa wuraren hange. Ya kuma umarci jihar ta sayi adaidaitan ta bai wa masu jan keke na ainihi haya, har da matan ƙabilun yankin. Masu dawakai, waɗanda suka fi masu keken yawa nesa ba kusa ba, suna nan a bakin Dasturi kowace safiya riƙe da linzami, suna jiran baƙin da a yanzu ke da wani abin hawan da ya fi sauri da araha.