Radiyeshan na yau da kullum: a gida da cikin jirgin sama

Radiyeshan na yau da kullum haskoki ne masu ƙarfi da ido ba ya gani, waɗanda ke ratsa jikin mutum daga ƙasa, iska, abinci da sararin samaniya. Ana auna shi da milisibat. Kwamitin UNSCEAR na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai nazarin tasirin radiyeshan, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2008 cewa matsakaicin abin da mutum ke samu daga waɗannan hanyoyi ya kai milisibat 2.4 a shekara.

Kusan rabinsa a cikin ɗaki ake shaƙarsa, ta iskar radon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa ne daga yuraniyom ɗin da ke cikin duwatsu da ƙasa, ta kutsa ta tsagar daɓe ko gefen bututu, ta taru inda iska ba ta shiga. Shi ya sa ta fi damun ƙasashe masu sanyi, inda ake rufe tagogi watanni. A 1984 wani injiniya, Stanley Watras, ya tayar da ƙararrawar na'urar gano radiyeshan a tashar nukiliya ta Limerick da ke Amurka. Da aka bi sawu, ashe daga radon ɗin gidansa ya kwaso radiyeshan ɗin, ba daga wurin aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa radon cikin manyan musabbaban kansar huhu bayan taba, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu shan sigari. Maganin taruwar radon mai sauƙi ne: a toshe tsaga, a bar iska ta riƙa kaɗawa. A Filato ma, tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari na ɗauke da ma'adinin monazayit mai fitar da radiyeshan.

Na jirgin sama kuwa daga sararin samaniya yake zuwa. Masanin kimiyya Victor Hess ya gano shi a 1912, lokacin da ya tashi cikin balan-balan. A tsayin kilomita 10 zuwa 12 iskar da ke kare mu ta yi ƙaranci, amma radiyeshan ɗin da ake samu a tafiya daga Landan zuwa New York bai kai kashi ɗaya cikin goma na milisibat ba. Hanyoyin da ke kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, kamar Kano zuwa Jidda, sun fi sauƙi, domin maganaɗisun duniya ya fi tare haskokin a can. Matuƙa da ma'aikatan jirgi ne abin dubawa. Tun 1996 dokar Tarayyar Turai ta wajabta lissafa abin da suke samu.