Notin konrod a injin tsohuwar mota

Konrod shi ne sandar ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf. Notin konrod kuwa shi ne bol ɗin da ke haɗa konrod da murfinsa a kan karanshaf, yana riƙe da metal, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin konrod da karanshaf, a mazauninsa. Kowane konrod yana da guda biyu. Aikinsu ya fi tsanani a lokacin da fistin ya kai ƙololuwa wajen fitar da hayaƙi, domin a nan nauyin fistin ke fizgar murfin. Idan aka ninka gudun inji, wannan fizga tana ninkuwa sau huɗu.

Bol ɗin yana riƙewa ne saboda yana miƙewa kaɗan idan an ɗaure shi, kamar sifirin. A yawancin masu ƙarfi na ARP, kamfanin da ke ƙera irin waɗannan bol, miƙewar tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Abin da ya kamata a auna ke nan, domin mafi yawan ƙarfin da sifana mai auna ɗauri ke nunawa yana ƙarewa ne a gogayyar zare da ƙarƙashin kan bol. Shi ya sa ɗauri a bushe da ɗauri da mai ba sa riƙewa daidai, ko da lambar sifana ɗaya ce.

Bol da ake ɗaurewa har ya wuce iyakar komawarsa, wanda ya yawaita a injinan baya-bayan nan, sau ɗaya ake amfani da shi. Tsofaffin injina da yawa suna da irin da ke komawa tsawonsa, kuma ana iya maimaita shi idan ya ci gwaji. Ana wanke shi, a auna tsawonsa da ma'aunin da ake kira maikiromita. ARP na cewa a yar da duk wanda ya ƙaru da milimita 0.025 bai koma ba. Mercedes-Benz kuwa, a injinan dizal irin OM617, kaurin siririn wuyan bol take sa a auna. Sai a duba tsatsa, zaren da ya lauye, da tsaga a gindin zare ko ƙarƙashin kai. Gwajin maganaɗisu yana fito da tsagar da ido ba ya gani.

Matsalar tsohuwar mota ita ce ba a san tsawon bol na asali ba, balle sau nawa aka ɗaure shi. Ƙarfe yana gajiya ba tare da alama ba. Don haka idan inji ya taɓa yin nokin, ko tarihinsa ya ɓace, canzawa ita ce daidai: bol da ya tsinke yana sakin konrod ya fasa bulok.

Sabon bol ma yana da sharaɗi. Idan irin da ake dannawa cikin konrod ne, yana iya karkatar da ramin metal, sai an ɗaure murfin an auna ramin, a gyara zagayensa a wurin masu injin gogewa. Kada a musanya murfin wani konrod da na wani. Washa mai lanƙwasawa da fin ɗin kulle kuwa sababbi ake sawa kullum.