Musayar hujjoji kafin zaman shari'a a ƙarar haƙƙin ƙirƙira a Amurka

Musayar hujjoji mataki ne a shari'ar madaniyya ta kotunan tarayyar Amurka, inda kowane ɓangare ke da ikon tilasta wa ɗayan ya fito da takardu da bayanai tun kafin a zauna sauraron ƙara. A ƙarar haƙƙin ƙirƙira, wato haƙƙin da doka ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu na hana wasu amfani da shi ba da izininsa ba, nan ne rigima ta fi zafi, domin sirrin yadda aka ƙera abin yana hannun kamfanin da ake ƙara.

Asali

Tsarin ya samu gindin zama da ƙa'idojin shari'ar madaniyya na tarayya da suka fara aiki a 1938. A 1947 Kotun Ƙoli ta kare rubuce-rubucen da lauya ya yi don shirin shari'a daga hannun abokin hamayya. Gyaran 1993 ya wajabta wa masanin da aka ɗauka haya don ba da shaida ya rubuta rahoto, na 2000 ya taƙaita yi wa mutum tambayoyi bisa rantsuwa zuwa kwana ɗaya na awa 7, na 2015 kuma ya ce hujjar da ake nema ta dace da girman ƙarar.

Tambayar masana

Sai masani ya miƙa rahotonsa ake zaunar da shi, galibi a ofishin lauyoyi, ba alƙali a ɗakin. Ya yi rantsuwa, mai rubutu yana ɗaukar kowace kalma, sau da yawa ga kyamara a gabansa. Lauyan ɗaya ɓangaren yakan bi rahoton sakin layi bayan sakin layi, yana neman inda zai roƙi kotu ta watsar da shaidar bisa ma'aunin ingancin shaidar masana da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Daubert ta 1993. Tun 2010 ba a tilasta miƙa daftarin rahoto. Asalin rubutun manhaja kuwa, yawanci a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet ake dubawa.

Shari'ar Qualcomm da Broadcom

Kamfanin fasaha na Qualcomm ya kai ƙarar kamfanin Broadcom a San Diego a 2005 kan fasahar matse bidiyo, Qualcomm ta kuma dage cewa ba ta shiga zaman kwamitin da ya tsara ma'aunin matse bidiyo na H.264 ba kafin fitowar ma'aunin a 2003, domin shigarta na iya raunana ƙararta. Ana tsaka da shari'a a Janairun 2007 sai wata ma'aikaciyarta ta amsa a gaban kotu cewa an ga saƙonnin imel 21 a kwamfutarta masu nasaba da kwamitin. Da aka zurfafa bincike, takardu fiye da 46,000 suka fito. A Janairun 2008 alƙaliya Barbara Major ta umarci Qualcomm ta biya fiye da dala miliyan 8.5, ta kuma miƙa lauyoyi 6 ga hukumar ladabtar da lauyoyi ta Kalifoniya. A 2010, bayan an sake duba lamarin, ta ƙi hukunta lauyoyin, ta ce ba ta ga mugun nufi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, tambaya ɗaya ce ta tona asirin, ba gaskiyar masu takardun ba.

Saɓani

Wasu na ganin tsadar matakin tana tilasta wa ƙananan kamfanoni sulhu. Wasu na cewa ba don shi ba, mai ƙirƙira ba zai iya tabbatar da ƙararsa ba.